Dabbar da Ba Ta Shigo Ba

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan kula da dabbobi, ko a wace ƙasa ce, zai ba ka labarin kwali. A zo buɗe ƙofa da safe, a tarar an ajiye kwali a bakin get, a ciki ga 'ya'yan kyanwa biyar ko shida idonsu bai gama buɗewa ba, ko 'yan kwikwiyo suna ta kuka babu uwarsu. Wanda ya kawo su cikin dare ya zo don kada a gan shi. Sai ma'aikata su ɗauke su, a nemo madara da bulumboti, a riƙa shayar da su duk bayan sa'a biyu ko uku, dare da rana, a ɗumama su tun da jikinsu bai iya riƙe ɗumi da kansa ba tukuna. Wasu su rayu, wasu su mutu a hannun mai shayar da su. Bayan 'yan watanni a sake tarar da wani kwalin a daidai wurin, kuma ba mamaki uwarsu ɗaya da na farkon.

Uwar nan ce ta dame ni. Tana can wani gida ko wani kango, ba wanda ya je inda take. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu da haihuwa, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Karya ma cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, yawanci sau biyu take neman namiji a shekara. Gidan da ya tsaya a kan karɓar kwalaye kawai, komai girman filinsa da yawan kejinsa, wata rana sai ya cika. Ra'ayina ke nan tun daga farko: ginin da ake tsare dabbobi a ciki shi ne ƙaramin ɓangare na aikin irin wannan gida. Babban aikin yana cikin unguwanni, wurin mutanen da dabbobin suke hannunsu, kuma da shi ya kamata a auna gidan.

Na san tambayar da ke zuwa, don ni ma na daɗe ina yin ta. Mutane na kwana da yunwa, marayu sun rasa mai riƙo, asibitoci babu magani, sannan a ce a gina wa kare ɗaki? Wannan tambaya ta girmi duk wanda ke yin ta yau. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe mafakar karnukan da suka ɓata da waɗanda yunwa ta galabaitar a unguwar Holloway ta birnin Landan, jaridar The Times ta yi mata ba'a, a kan cewa ga mutane nan birjik a titi da suka fi buƙatar taimako. Gidan nata ya koma Battersea a 1871, ya fara karɓar kyanwoyi a 1883, yana nan yana aiki har yau. Ban kawo wannan don in ce tambayar ba ta da tushe ba. Tana da shi. Mai yin ta sau da yawa tausayin mutane ne ya sa shi, kuma bai kamata a amsa masa da tsawa ba. Amma akwai amsar da ta gamsar da ni, kuma a fagen lafiyar mutanen nan da yake tausayawa na same ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara. Kashi 95 cikin ɗari na waɗannan mace-mace a Afirka da Asiya suke faruwa. Kusan kashi 99 cikin ɗari daga kare ake ɗaukar ciwon, ta cizo ko yakushi, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake. Yaro shi ke wasa da kwikwiyo, tsayinsa bai wuce bakin kare ba don haka a fuska ko wuya akan cije shi, inda ƙwayar cutar ke saurin kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa yakan ɓoye ciwon don tsoron faɗa. Cutar na iya kwantawa a jiki wata biyu ko uku ba alamar komai, raunin ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamomi suka bayyana, tsoron ruwa da firgita da shaƙewar maƙogwaro, to kusan babu wanda ke tashi. Mutuwa ce mai tsananin muni, iyaye suna kallo ba abin da za su iya. Alhali tun watan Yulin 1885 masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, allurar da ta cece shi bayan mahaukacin kare ya cije shi. Fiye da ƙarni guda ke nan da sanin magani, ana ci gaba da binne yara.

Masana sun daɗe da gano inda ake tare wannan ciwo: a jikin karen. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allurar rigakafi, aka kuma ɗore da haka shekara bayan shekara, ƙwayar cutar takan rasa wanda za ta tsallaka gare shi, sai ta mutu a yankin. Ƙasashen Latin Amurka sun haɗa kai a kan wannan hanya tun 1983, mace-macen mutane daga cizon kare suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Meziko tana da mutum 60 da suka kamu a 1990, ta koma sifili a 2006, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ita a matsayin ƙasa ta farko da ta samu shaidar kawar da wannan matsala. Allurar kare ba ta kai ko kusa da kuɗin jinyar mutumin da aka ciza ba, wadda hukumar ta ƙiyasta a kan dala 108 a matsakaici, kuɗin da ke iya durƙusar da gidan talaka. To wa zai bi lungu-lungu yana kama karnuka yana yi musu allura, yana sa musu alama, yana rubuta lissafi? A wurare da dama ma'aikatan gidajen kula da dabbobi ne da 'yan sa-kai nasu, tare da likitocin dabbobi na gwamnati. Su suka iya riƙe kare ba tare da sun ji masa ciwo ko ya ji musu ba, su mutanen unguwa suka sani har suke yarda su fito musu da dabba.

Sai wani ya ce ai akwai hanya mafi sauƙi, a kashe karnukan duka a huta. An gwada, kuma ba sau ɗaya ba. A birnin New York na ƙarni na 19 ana cusa karnukan da aka kamo cikin wani babban kejin ƙarfe a nutsar a kogi. A 1910 hukumomin Istanbul suka tattara karnuka wajen 80,000 suka jibge su a wani tsibiri mai suna Sivriada, babu ruwa babu abinci, har suka ƙare. Titunan Istanbul sun sake cika da karnuka. A tsibirin Bali na Indonesiya ciwon haukan kare ya ɓulla a 2008, aka fara da kisa, aka hallaka karnuka dubun dubbai, ciwon ya ci gaba da bazuwa, mutane fiye da ɗari suka mutu. Sai da aka juya zuwa rigakafin gama-gari daga 2010 sannan mace-macen suka fara sauka. Abin da ke faruwa ba boyayye ba ne. Yawan karnukan titi ya dogara ne ga yawan abincin da ke juji da bayan kwata da bakin kasuwa. Ka kwashe na wannan unguwa, abincin yana nan, sai na maƙwabta su shigo, waɗanda suka tsira kuma su hayayyafa da sauri tun da abinci ya wadata. Mafi muni, mai sa guba ba ya tantance karen da aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba. Masu sauƙin kamawa, wato masu sabo da mutane, su ake fara kashewa, kuma su ne aka fi samun damar yi wa allura tun farko. Mutane kuma da sun ji ana kisa sai su ɓoye nasu ko su tsallaka da su wani gari, ciwon ya bi su.

Akwai kuma masu cewa to kada a kashe, a tattara su duka a kulle a mafaka. Wannan ya fi daɗin ji, amma lissafinsa ba ya fita. Turkiyya ta zartar da doka a 2024 da ta umarci ƙananan hukumomi su kwashe karnukan titi su kai mafaka. Gwamnatin da kanta ta ƙiyasta karnukan sun kai miliyan 4, gurbin da ke mafakun ƙasar a lokacin kuwa bai fi dubu ɗari da 'yan kai ba. A Indiya, cikin watan Agustan 2025, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a kwashe karnukan titin Delhi da kewaye cikin mako takwas, kafin mako biyu su cika ta sassauta, ta ce a yi musu allura da tiyatar hana haihuwa a mayar da su inda aka ɗauko su, ban da masu ciwon hauka da masu kai wa mutane hari. Ina fahimtar fushin da ke haifar da irin waɗannan dokoki. Uwar da garken karnuka suka yayyaga ɗanta a hanyar makaranta ba ta buƙatar a yi mata lacca kan tausayin dabba, kuma mai kare haƙƙin dabbobi da ya raina hawayenta ya cuci aikinsa. Kare mai cizo dole a ɗauke shi daga titi, babu ja a nan. Sai dai cunkusa dabbobi a wurin da bai ɗauke su ba azaba ce da aka canja wa suna. Cutar gudawar jini ta 'yan kwikwiyo tana iya yin watanni a daɓen keji tana jiran na gaba. Tari da ƙazuwa da kaska su game gidan. Masu ƙarfi su hana raunana cin abinci. Karen da ya shigo lafiya lau, bayan wata shida a keji sai ka gan shi yana kewaya wuri ɗaya yana cizon jelarsa, ya zama wanda ba mai son ɗauka.

Shi ya sa nake girmama gidan da ya san iyakarsa, wanda zai iya cewa dabba ɗari nake iya kulawa da su yadda ya kamata, ba zan karɓi ɗari uku ba. Tun rahoton Brambell na 1965 a Birtaniya aka fara zayyana abin da dabbar da ke hannun mutum ta cancanta, daga baya aka tsara shi gida biyar: kada ta zauna da yunwa da ƙishirwa, kada ta rasa wurin kwanciya mai kyau, kada a bar ta da ciwo, kada ta rayu cikin tsoro, kuma a bar ta ta yi abin da jinsinta ya saba yi. Don dabbobin gona aka fara rubuta wannan, amma ya zama ma'auni ga mafaku. Gidan da ya kasa cika waɗannan saboda cunkoso ya koma irin abin da aka kafa shi don hanawa. Na sha jin labarin mutanen kirki da suka fara da kyanwa goma don tausayi, suka kasa cewa a'a, har abin ya fi ƙarfinsu aka zo aka tarar da gawarwaki a cikin ɗakunan. Ba mugunta ce ta kai su nan ba, rashin sanin iyaka ne, amma dabbar da ta mutu da ƙishirwa ba ta san bambancin ba.

To me ya yi aiki? A birnin Jaipur na Indiya ƙungiyar Help in Suffering ta fara a 1994 da kama karnukan titi, ta yi musu tiyata da allura, ta yi musu alama a kunne, ta mayar da kowane inda aka ɗauko shi. Binciken da aka wallafa a 2006 ya nuna yawan karnukan ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, kuma mutuwar mutane daga ciwon haukan kare ta koma sifili a yankin da shirin ya shafa, alhali ba ta ragu ba a inda bai kai ba. Karen da aka mayar yana tsare wurinsa, ba ya barin baƙo wanda ba a yi wa allura ba ya shigo, ba ya haihuwa, faɗan neman mace ya ragu. Ƙasar Butan ta ɗauki wannan hanya daga 2009, a 2023 ta ba da sanarwar ta gama yi wa duk karnukan titinta tiyata da allura, sama da 150,000. A Amurka an ƙiyasta cewa a shekarun 1970 ana kashe karnuka da kyanwoyi tsakanin miliyan 12 zuwa 20 duk shekara a mafaku saboda rashin wurin ajiye su. Yau adadin bai kai miliyan ɗaya ba, duk da cewa dabbobin gida sun ƙaru sosai. Gina sababbin keji bai kawo wannan ba. Tiyatar hana haihuwa mai rahusa ce ta kawo shi, da sauyin tunanin mutane, da ƙarfafa ɗaukar dabba daga mafaka maimakon saye.

A nan dole in faɗi inda nake da ja da wasu abokan tafiya. Kama kyanwar titi a yi mata tiyata a sake ta ba ya warware komai da komai. Kyanwa mafarauciya ce ko cikinta a ƙoshe yake. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa 4 duk shekara a Amurka kaɗai, mafi yawa kuma marasa gida ne ke yin ɓarnar. A Ostireliya sun taimaka wajen ƙarar da jinsin ƙananan dabbobi da dama da babu irinsu a ko'ina. A tsakiyar birni shirin kama-ka-saki yana da ma'ana. A gefen dajin da ake kare tsuntsayen da suka kusa ƙarewa, ko a kan ƙaramin tsibiri, ban yarda a mayar da su ba. Tsuntsun ma rai ne da shi, don ba ya shafa jikinsa a ƙafarmu bai sa ransa ya zama banza ba. Haka kuma shirin da aka yi rabi-rabi, a yi wa kyanwa ashirin tiyata cikin ɗari a tafi, asarar kuɗi ce kawai, sauran tamanin za su cike gurbin kafin shekara ta zagayo.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni a ayyukan waɗannan gidaje shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Mun saba ɗauka cewa duk wanda ya kawo dabbarsa mafaka ya gaji da ita ne, marar tausayi ne. Ka tsaya a teburin karɓa na yini guda ka saurara. Wannan an kore shi daga gidan haya, sabon mai gidan ya ce ba ya son kare. Waccan tsohuwa za a kwantar da ita a asibiti, ba wanda zai ba kyanwarta abinci. Wancan karensa ya karye a ƙafa, kuɗin likita ya fi abin da yake samu a wata. Wasu suna sa hannu a takarda suna kuka. Gidan da ya san aikinsa, kafin ya karɓi igiyar, zai tambaya: me zai sa ka iya ci gaba da riƙe shi? Sau da yawa amsar ƙarama ce. Buhun abincin dabba na wata biyu har mutum ya samu aiki. Ɗaurin karaya kyauta. Wanda zai riƙe kyanwar mako uku har tsohuwar ta fito. Gyaran shingen da karen ke tsallakawa yana jawo rigima da maƙwabta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi arha a kan ciyar da dabbar a keji wata da watanni, ga shi kuma ba a raba kowa da kowa ba. A 2011 ƙungiyar Humane Society ta Amurka ta fara wani shiri mai suna Pets for Life a kan wannan fahimta, ma'aikata na bin gida-gida a unguwannin talakawa inda babu asibitin dabbobi ko ɗaya, suna kai allura da tiyata kyauta. Abin da na ɗauka daga irin wannan shiri shi ne ladabin shiga gidan mutum. Ba a zuwa da wa'azi. Talaka bai fi mai kuɗi ƙarancin son dabbarsa ba, hanya ce ba ta kai gare shi ba.

Wanda ke shakkar ƙarfin wannan alaƙa ya tuna guguwar Katrina ta 2005 a New Orleans. Mutane da yawa sun ƙi hawa motocin ceto saboda an ce ba za a ɗauki dabbobinsu ba, wasu suka mutu a gidajensu. A 2006 majalisar Amurka ta yi doka cewa dole tsarin kwashe mutane lokacin bala'i ya haɗa da dabbobin gida. Haka abin yake ga matan da ke zaune da miji mai duka. Akwai waɗanda ke jinkirta gudu saboda sun san abin da zai yi wa karen ko kyanwar idan suka tafi, domin ya sha yi musu barazana da hakan. Mafakar dabbobi da ta yarda ta ɓoye dabbar a asirce na ɗan lokaci ta buɗe wa mace ƙofar tsira. Wannan haɗuwa ta zaluntar dabba da zaluntar mutum tsohon sani ne. Henry Bergh, wanda ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka a 1866, shi aka kai wa kukan wata yarinya mai suna Mary Ellen Wilson a 1874, wadda mariƙiyarta ke azabtarwa. Shi da lauyan ƙungiyarsa, Elbridge Gerry, suka kai maganar kotu aka ceto ta, daga nan aka kafa ƙungiyar kare yara daga zalunci ta New York, irinta ta farko a duniya.

Ga wanda ya tashi da tarbiyyar addini ma wannan ba baƙon zance ba ne. Mun ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mun ji na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai lallage don ƙishirwa, aka gafarta masa. Ina yawan tunani a kan na farkon. Laifin matar ya haɗa abu biyu, tsarewa da rashin kulawa, kuma gargaɗi ne da ya hau kan mai gidan mafaka kamar yadda ya hau kan kowa. Mutum na iya ƙin ajiye kare a ɗakinsa bisa fahimtarsa, wannan haƙƙinsa ne, amma babu fahimtar da ta halatta a watsa wa dabba tafasasshen ruwa ko a bar yara su jefe ta har lahira.

Maganar yara ta kawo ni kan ziyarar makarantu, wadda wasu ke gani kamar wasa. Sa'a guda ce a aji, amma dubi abin da ke cikinta. Kada ka taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, kada ka kusanci karya mai shayarwa. Idan baƙon kare ya nufo ka kada ka ruga, ka tsaya cik, hannuwa a jiki, kada ka zuba masa ido. Idan ya cije ka ko ya yakushe ka, ka faɗa wa babba nan take ko da raunin ƙarami ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Wankin nan kaɗai yana rage haɗarin kamuwa ƙwarai, kuma manya da yawa ba su san shi ba, sai yaron ya koma gida ya koya musu. Ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu, ita aka keɓe tun 2007 don wayar da kai kan wannan ciwo, kuma hukumomin duniya sun sa wa kansu 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa daga ciwon haukan da ake ɗauka ta cizon kare. Idan za a kai ga wannan buri, ta irin waɗannan azuzuwa da allurar lungu-lungu za a kai.

Bai kamata kuma a taƙaita zancen ga kare da kyanwa ba. Dorothy Brooke ta buɗe asibitin dawakai a Alƙahira a 1934 bayan ta ga tsofaffin dawakan yaƙin duniya na ɗaya suna jan kaya ƙashi da fata. Ƙungiyar SPANA ta fara a 1923 a Arewacin Afirka don jakuna da alfadarai. Su ma abin da suka koya shi ne ƙwace jaki daga hannun mai shi ba ya taimakon kowa, domin da shi iyali ke ci. Gyara masa akumari don kada ya ci bayan dabbar, yanke kofato, maganin tsutsar ciki, wurin shan ruwa a inuwa, su ne ke sa jakin ya daɗe, mai shi ma ya samu.

Ba na cewa a rushe ginin. Kullum za a samu karen da mota ta buge ba mai shi, da dabbobin da kotu ta ƙwace daga hannun azzalumi, da wanda ya ɓata yana jiran mai shi ya zo. Ko nan ma aikin waje yana rage zaman keji. 'Yar na'urar nan mai kamar ƙwayar hatsi da ake sawa ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lambar da ke kai ga mai dabba, ta zama tilas ga karnuka a Ingila da Sukotland da Wales tun Afrilun 2016, kuma da ita kare kan koma gida a ranar da aka tsince shi. Riƙo ma haka: iyali su ɗauki jaririyar kyanwa ko kare mai jinya su kula da shi a gida har ya samu mai ɗauka na dindindin, kejinsa ya zama na wani. Kuma akwai ranar da likita zai duba dabbar da ciwonta ba ya warkewa, ko karen da ya zama haɗari ga mutane, ya yanke shawarar a yi masa allurar da za ta ɗauki ransa ba tare da wahala ba. Ban ga laifin wannan ba idan an yi shi da gaskiya. Masu yin sa mutane ne da suka shigo aikin don son dabbobi, nauyin yana bin su har gida, wasu ya hana su barci, da yawa su bar aikin. Zaginsu da ake yi a kafafen sada zumunta zalunci ne, musamman daga wanda bai taɓa wanke keji ko ɗaya ba.

Matsalar ita ce masu ba da gudummawa sun fi son abin da ido ke gani. Hoton ramammen kare da hotonsa bayan ya murmure yana buɗe aljihu. Babu hoton kwikwiyon da ba a haifa ba, babu na yaron da ba a ciza ba, don haka idan kuɗi ya yi ƙaranci motar allura ake fara ajiyewa, a bar ginin. Ina roƙon duk mai niyyar taimaka wa irin wannan gida, ko ɗan majalisar da zai ware masa kaso, ya canja tambayoyinsa. Ya tambayi dabba nawa aka yi wa tiyata bana kuma a waɗanne unguwanni, kashi nawa na karnukan yankin ke da allura, mutum nawa suka zo miƙa dabba suka koma da ita gida, kwana nawa dabba ke yi a keji kafin ta fita, kuma ko adadin masu shigowa yana sauka daga shekara zuwa shekara.

Mai ajiye kwali da dare kuwa, da zan samu yadda nake so, da an cire allon da ke barazanar kai shi kotu an sa wani a madadinsa, mai cewa ya dawo da rana ba wanda zai ci masa fuska. Idan ya zo, a roƙe shi ya bar 'ya'yan wurin uwarsu har su kai mako takwas, don nononta ya fi duk wata madarar gwangwani kuma sun fi rayuwa a jikinta. A ba shi abincin da zai ciyar da ita kafin lokacin. In an yaye su a karɓe su a nema musu gidaje, sannan a bi shi har inda uwar take a ɗauko ta. Tiyatar ba ta cin rabin sa'a a hannun ƙwararren likita, kuma yawanci kafin magariba an mayar masa da ita.